Barde, Ɗan Tsakon Da Ya Tona Mini Asiri

A unguwarmu, in dai maganar yanka ce, ni ake nema. Ban gaji fawa ba, malamin makaranta ne ni, amma wuƙata ta yi suna. Da hantsi za ka ji yaro ya yi sallama a ƙofar gida, riƙe da kaza ta fukafukai, ya ce, "Wai in ji Mama a yanka mata." In fito ina naɗe hannun riga, in take ƙafafu da fukafukai, in fuskanci gabas, kafin yaron ya gama sosa ƙeya an wuce wurin. Ranar Babbar Sallah kuwa raguna huɗu nake kwantarwa kafin azahar: nawa, na maƙwabta biyu da ba sa son ganin jini, da na wata tsohuwa da 'ya'yanta ke Legas. In na dawo majalisa sai in miƙe ƙafa ina yi wa samarin zamani gori, wai ko zabo aka ba su sai sun runtse ido.

To, wannan gwarzon da kuke ji, ɗan tsako ne ya tona masa asiri. Ɗan tsakon da ranar da ya shigo gidana nauyinsa bai kai na ƙwai ba.

Abin ya samo asali ne daga lissafi. Albashin malami kowa ya san halinsa, baƙo ne mai sauri, ya kwana biyar ya yi sallama. Wata rana wani abokina da ya fara kiwon kajin gidan gona ya zo majalisa a kan sabon babur, ko ledar kujera bai cire ba. Daren nan ban runtsa ba. Na juya bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi na hau lissafin dokin rano: kwali ɗaya 'yan tsaki 50 ne, buraila tana wuce kilo biyu cikin sati shida zuwa takwas, ga ƙaramar Sallah saura wata biyu, lokacin da kaza ke yin tsadar da mai ita yake magana yana kallon sama. Na sayar, na juya kuɗin, na sake juyawa. Kafin in kai ƙarshen takardar na mallaki gona a hanyar Kaduna, na biya wa uwargida kujerar Makka, har na fara tunanin sunan da zan sa wa kamfanin. A duk lissafin nan babu layi ɗaya da na ware wa ciwo ko mutuwa. Kajin takarda ai lafiyarsu ƙalau.

Da na kai wa uwargida labari ta saurare ni har na dasa aya, sannan ta ce, "Malam, ka taɓa kiwon ko da tantabara ce?" Na ce mata kaza ai kaza ce, wanda ya yanka ɗaruruwa ba za a koya masa kaza ba. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa wanda zai shiga kogi bai iya ruwa ba.

'Yan tsakin suka iso Zariya da asuba, a motar da ta kwana tana tafiya daga Ibadan, inda kamfanonin ƙyanƙyasa suka yi yawa. Na yi mamakin yadda 'yan kwana ɗaya suka jure wannan doguwar hanya ba ci ba sha, sai dillalin ya ce ragowar gwaiduwar ƙwai ce a cikinsu, ita ke riƙe su har kusan kwana uku. Na ƙirga na samu 51. Ya ce ɗayan gyara ne, ana sakawa saboda wanda ka iya mutuwa a hanya. Ka ji masu sana'a, tun daga kwali sun tanadar wa mutuwa kujera. Ni kuwa na ɗauka ganin girmana aka yi.

Na share ɗakin da muke ajiye tarkace, na kewaye tsakiyarsa da kwalaye, na hura gawayi a kasko saboda sanyin hunturu, na Zariya kuwa ba ya wasa. An gaya mini a satin farko suna son zafin digiri 32 zuwa 35, kuma ko ban sayi ma'auni ba su da kansu za su faɗa mini: in sun cure a jikin kasko sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu ko'ina suna tsattsage to an dace. Wannan na riƙe shi da kyau. Inda na yi wayo shi ne wajen shimfiɗa. An ce in sayo diddigar katako a wurin kafintoci, na ce kuɗi don me? Ga fastocin 'yan takara jibge a bayan ƙofa tun zaɓen da ya wuce, manya-manya, masu sheƙi. Na shimfiɗe ɗakin da su tas, ina dariya ina cewa yau dai za su yi wa talaka amfani.

Ashe ko a nan ma ba za su yi ba. Fasta mai sheƙi santsi gare ta, in ruwa da kashi suka zuba sai ta zama kamar an shafa mata miyar kuɓewa. Ƙafar ɗan tsako kuwa ɗanya ce, tana bukatar abin da farce zai kama. Rana ta uku na tarar da guda uku a baje, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, suna iyo da ƙirji a kan fuskar wani mai neman kujerar majalisa.

Na kwashe su a hula na garzaya wurin wani likitan dabbobi mai shago a bakin kasuwa. Ya tambaye ni abin da na shimfiɗa, na faɗa da ƙaramar murya, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya yanko filasta siririya ya yi wa biyu daga ciki dabaibayi, ya bar tazara daidai yadda ƙafa ke tsayuwa, ya ce in an kama da wuri kwana uku ko huɗu sun miƙe. Na ukun ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Ya nuna mini gwiwar ta kumbura, jijiyar ta goce daga mazauninta, ƙafar ta murɗe ta kalli waje. Ya ce, "Wannan kam, Malam, ba zai tashi ba. Cire shi kawai."

Na ce to. Na dawo gida na cire shi daga cikin 'yan'uwansa, na kai shi ɗakin kwanana.

Ba zan yi rantsuwa cewa ban gane nufin likita ba. Na gane sarai. Amma Hausa yalwa gare ta, kalmar "cire" ƙofofinta da yawa, sai na bi ta wadda babu jini.

Kwalin takalmi ya zama gadon asibiti. Na shimfiɗa tsohuwar singileti, na sa ruwan ɗumi a kwalba na naɗe da safa na ajiye a gefensa. Auta, 'yata mai shekara shida, ta raɗa masa suna Barde, wai don yana ta fama bai sare ba. Duk wanda ya taɓa kiwo zai gaya maka kada ka yarda a sa wa abin yanka suna. Ni a gabana aka yi, har da ni a masu cewa Allah ya raya.

Daga nan kowa a majalisa ya zama likita. Wannan ya ce zuma, wancan ya ce man habbatus sauda, wani ya ce tafarnuwa a ruwa, wani ya ce jiƙon maɗaci kakarsa ke ba wa kaji. Na ba shi duk wanda bai yi kama da guba ba. Na sayo gulukos, na sayo bitamin, na sayo sirinji ina ɗiga masa a gefen baki. Na yi masa ɗori da tsinken ashana, ɗorin da in mai ɗorin unguwarmu ya gani sai ya kai ni ƙara wurin mai unguwa. Cikin mako guda kuɗin da na kashe wa Barde ya sayi irinsa biyar da canji.

Sai dare. Barde ba ya barci, ni ma ba na yi. Wani siririn kuka yake yi mai huda kunne, ba ya yankewa. In tashi ƙarfe biyu in haska tocila in ɗiga masa ruwa, in koma, ƙarfe uku ya sake. A dare na biyar uwargida ta yaye bargo ta zauna ta ce, "Malam, 'ya'ya biyar na haifa maka. Ban taɓa ganin ka tashi tsakar dare ka dama wa ɗaya daga ciki ko koko ba." Na ce mata wannan maraya ne, bai san uwa ba sai inji. Ta ce, "Ni ma ban san miji ba sai mai jinyar kaza," ta ja bargonta.

Kwana goma da zuwansu 'yan'uwansa suka ninka nauyinsu fiye da sau huɗu, fararen fukafukai suka fara tsirowa, biyun da aka yi wa dabaibayi suka ɓace a cikin taro ban ma iya gane su ba. Barde yana nan jiya i yau. Gashin ƙirjinsa ya zube saboda kwanciya, wurin ya yi ja ya fara miki, kashi ya manne masa a baya kullum sai na wanke da ruwan ɗumi. Na ce ƙila kaɗaici ke damunsa, na mayar da shi cikin dangi. Minti biyar ba a yi ba suka bi ta kansa suka wuce wurin abinci, biyu suka tsaya suna saran mikin. Kaza in ta ga ja ba ta san ɗan'uwa ba. Na ɗauko shi yana rawar jiki, ya buɗe baki amma kukan ma ya ƙi fita.

A ranar na san abin da ya kamata. Sai na shiga neman wanda zai ɗauke mini.

Da farko na nemi shaho. Na ce ai Allah ya yi wa kowace halitta abincinta, bari in ajiye kwalin a tsakar gida in shiga ɗaki, abin da ya faru ya faru, babu hannuna. Shahon da ya addabi unguwarmu, wanda ya ƙarar wa maƙwabciyarmu da 'yan tsaki a damina, ranar ko inuwarsa ba a gani ba. Sai ga muzuru ya diro daga katanga yana tafiyar ƙasaita. Ina leƙe ta taga, zuciyata na dukan uku-uku. Ya matso, ya miƙa hanci. Ban san lokacin da na fito da gudu ba takalmi, na wurga masa buta, na bi shi har zaure ina kiransa azzalumi. Ni na gayyace shi, ni na kore shi. Uwargida tana bakin murhu, ko ɗaga kai ba ta yi ba, kafaɗunta kawai na ga suna girgiza.

Na biyu na nemi almajiri. Yaron da ke mana ɗiban ruwa na kira gefe na miƙa masa kwalin na ce sadaka ce. Ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Baba, me zan yi da shi?" Na ce duk abin da ya ga dama. Ya ce, "Baba, ai wannan wahala yake sha. Ku da kuka iya yanka." Ya ɗauki jarkarsa ya yi gaba. Yaron da bai wuce shekara goma sha biyu ba.

Na uku na nemi fatawa. Bayan sallar isha na tsare limamin masallacinmu, na tsara tambayar yadda amsar za ta fito daidai da son raina. Na ce, "Allah gafarta Malam, ashe ba zalunci ba ne mutum ya ɗauki ran ɗan tsakon da bai kai a ci ba?" Ya tambayi halin da yake ciki, na faɗa. Ya tambaya ko masanin abin ya ce zai warke, na ce ya ce ba zai warke ba. Ya tambaya kwana nawa ke nan, na ce takwas. Liman ya yi shiru yana kallona. Sannan ya tuna mini hadisi na 17 a cikin Arba'una na Imam Nawawi, wanda muka haddace tun muna 'yan Islamiyya, mai umarni da kyautatawa a cikin komai har a wajen yanka, da wasa wuƙa, da hutar da abin da za a yanka. Ya ce kaza dabba ce da aka halatta yankawa, kuma yanka ta don a raba ta da azabar da babu warkewa ba zalunci ba ne. Ya ƙara da tuna mini matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Ya ce, "Kai kana ciyarwa, na yarda. Amma ka tsare shi a cikin ciwo. Ka je ka yi tunani." Na je neman rangwame na dawo da ƙarin aiki.

Duk da haka na ƙara kwana. Wanda ya yanke zancen Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina, da ta zo daga ƙauye ganin likitan ido. Ta fi shekara saba'in, kuma tun tana amarya take kiwon kaji, da kuɗinsu ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Kukan ta fara ji daga tsakar gida. Ta ce, "Wane ne wannan ke kiran Allah haka?" Aka kawo mata kwalin. Ta ɗaga Barde, ta shafa ƙafar, ta duba ƙirjin, ta mayar da shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Ta ce, "Ɗan nan, kwana nawa yana haka?"

Na ce, "Tara, Gwaggo. Tausayinsa nake ji."

Ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya. Kanka kake tausayi. Shi yake kwana da ciwon, kai kake kwana da sunan mai imani. Ɗan tsako in yana jin daɗi ƙus-ƙus yake yi a hankali, wannan kukan da kake ji roƙo ne. Kajin mutane masu lafiya kana yanka su kana wasa da yara, naka da ke neman hutu ka hana shi. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Tashi ka wasa wuƙarka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Aka aiki Auta sayen maggi a shago mafi nisa. Na ɗauko wuƙar nan mai suna na wasa ta a zaure har tana aske gashin hannu, na zagaya bayan gida inda sauran kajin ba sa gani. Gwaggo ta biyo ni da sandarta ta tsaya. Na durƙusa na fuskanci gabas. Barde ya cika mini tafin hannu ɗaya kawai, ɗumi gare shi, ina jin bugun zuciyarsa a yatsana. Wuyansa bai kai kaurin fensir ba. Hannun da ke kwantar da rago mai ƙaho ya kama rawa kamar mazari. Gwaggo ta ce, "Kada ka yi masa biyu. Ɗaya tak, da ƙarfi." Na yi bisimilla na ja.

Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Ya ɗan motsa fukafukai, abin da likita ya gaya mini daga baya cewa jijiyoyi ne ke saki. Sai shiru. Kwana tara ina gudun abin da bai kai numfashi ɗaya ba.

Na haƙa rami mai zurfi a gindin katanga, na sa shi, na zuba toka, na mayar da ƙasa, na ɗora dutse saboda muzuru. Da na miƙe idona ya kawo ruwa. Gwaggo ta ce, "Mene ne?" Na ce hayaƙin gawayi ne. Ta dubi bayan gidan, inda ko ashana ba a ƙyasta ba, ta ce, "Lallai gawayin Zariya da ƙarfi yake."

Auta ta dawo ta tarar da kwali wayam. Na shirya mata ƙarya mai kyau, wai an kai shi asibiti Kaduna, amma Gwaggo ta riga ni. Ta ɗora ta a cinya ta ce mata Barde ciwo ya yi masa yawa, Babanki ya hutar da shi. Ta yi kuka, ta yi barci, da ta farka ta tambaya, "Baba, yanzu ƙafar ba ta yi masa zafi?" Na ce ba ta yi. Ta ce to, ta tafi wasanta. Yarinya ta gane cikin wuni ɗaya abin da ya ɗauki ubanta, mai takardar digiri, kwana tara da mutum huɗu.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce na sha da sauƙi. Amma a kwanakin da hankalina ke kan Barde ne lokacin rigakafin Gumboro ya yi, wanda aka ce in ba su tsakanin kwana 10 zuwa 14. Ni da farko na zaci daga Gamboru ta jihar Borno cutar ta fito, har na fara jajanta wa mutanen can. Ashe wani ƙaramin gari ne a jihar Delaware ta Amurka, inda aka fara bayyana cutar a 1962. Mai shagon sayar da rigakafin ya ce in zo da fulas da ƙanƙara, domin rigakafin, ko na cibiyar Vom ta kusa da Jos ne ko na waje, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, zafi yana kashe ta. Na ce gida ba nisa. Na jefa kwalbar a aljihu, na biya ta majalisa don in gaisa kawai, aka ɗauko musun ƙwallo. Sai bayan awa biyu na tuna. Na zo na zuba musu a ruwa suka sha, na rubuta a littafi cewa an yi rigakafi. Ruwa dai suka sha.

A sati na huɗu, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, na shiga ɗakin da safe na ji shiru. Sun takure, gashi ya tashi, fukafukai sun sauka, farin zawo ko'ina, wasu na juyawa suna saran bayansu. Likita ya zo ya buɗe ɗaya da ya mutu, ya ce Gumboro ce. Ya ce babu maganin da ke kashe ƙwayar, sai dai a ba su ɗumi da ruwa mai bitamin, a canza shimfiɗa, a ware marasa lafiya, cutar ta yi kwanakinta ta wuce da wanda za ta wuce da shi. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, wannan karon zan faɗa da Hausar da ba ta da ƙofa biyu. Wanda ya kwanta ya kasa ɗaga kai, ka kai bakinsa ruwa bai haɗiya ba, ka yanka shi a ranar."

Ya nuna mini yadda su suke yi ba da wuƙa ba, a riƙe ƙafafu a ja wuya da motsi ɗaya ƙashin ya rabu da kai, ya ce amma wannan sai an koya hannu da hannu, wanda bai iya ba azaba zai ƙara. Na ce a bar ni da wuƙata. Ya lissafa mini abin da yake gani mutane na yi don gudun jini: a ƙulle ɗan tsako a leda, a tsoma shi a ruwa, a jefar da shi juji da ransa tururuwa su ƙarasa. Ya ce duk wanda ya yi haka ya sauƙaƙa wa idonsa ne ya tsawaita wa dabba. Na sunkuyar da kai, don na tuna muzuru.

Shida suka mutu da kansu cikin dare biyu. Biyar ni na hutar da su, kowanne a ranar da ya kai matakin da likita ya faɗa, ba jiƙon maɗaci, ba neman fatawa. Hannuna bai daina rawa ba, amma ban ƙara wa ko ɗaya kwana ba. Wani a majalisa ya ba ni shawara a kunne, wai tunda sun ɗan yi nama in fige in kai wa mai gashi, yaji zai rufe komai. Na ce masa kajin da ke fama da cuta, cikinsu cike da magani, ba zan ba 'ya'yana ba, don haka ba zan ba 'ya'yan wani ba. Na haƙa rami babba na binne su da toka. Mu nan ba mu manta 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji, nan kusa da mu, aka riƙa kashe kaji dubbai ana binnewa. Mushen kazar da ka wurga a kwata, kajin maƙwabta ne za su fara zuwa yi masa gaisuwa.

Ranar jajiberin Sallah ina da kaji 39. Na sayar da 36, muka ci biyu, ɗaya na aika wa Gwaggo. Da na zauna na cire kuɗin abinci, da gawayi, da magani, da jinyar Barde, ribar da ta rage ta ɗinka wa Auta kayan Sallah, ta saya wa uwargida atamfa ɗaya. Ta karɓa ta juya ta ta ce, "Wannan ce kujerar Makkan?" Na ce somin taɓi ne.

Har yanzu yara na kawo mini kaji ina yankawa, amma na daina yi wa samari gori a majalisa. In an ɗauko zancen jarumta sai in tashi in ce zan je duba kaji. Kiwon ma ban bari ba, kwali na huɗu ke ɗakin yanzu, a kan diddigar katako, kuma fulas ɗin ƙanƙara na rataye a ƙusa.

Kai da ke shirin sayo kwalinka na farko, ka yi lissafinka yadda kake so, amma ka bar layi ɗaya na waɗanda ba za su kai kasuwa ba. Ka sayi diddigar katako, ka tafi da ƙanƙara, kada ka biya ta majalisa. Wanda zai warke ka yi jinyarsa da gaske. Wanda masani ya ce ba zai tashi ba, ka wasa wuƙa ka hutar da shi a ranar, in kuma ba za ka iya ba ka kira wanda zai iya kafin rana ta faɗi. Kuma duk rintsi, kada ka bari yara su sa masa suna.